Harshen Damo a Bakin Titin Jirgi: Rashin Fahimtar Juna Tsakanin Matuƙa da Hasumiya a Ma'aunin Nahawu da Al'adar Maganar Hausa

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda kuskuren magana tsakanin matuƙan jiragen sama da jami'an hasumiya yake kai jirgi kan titin da ba a ba shi izinin hawa ba. An ɗauki filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a matsayin farfajiyar nazari, kasancewarsa ƙofar da matafiyan Rano da Kibiya da sauran garuruwan kudancin Kano suke bi zuwa ƙasashen waje. An waiwayi abin da ya faru a Tenerife da Jidda da Paris da Milan da Tokyo, sannan aka auna kalaman da suka jawo ruɗani da ginin jimlar Hausa da tsarin sautinta da ladubban maganarta.

1.0 Gabatarwa

Maniyyacin da ya baro Rano ko Kibiya ya shiga jirgi a Kano ya san cewa ransa yana hannun Allah, sannan ya ɗora amanarsa a kan gwanintar matuƙi da lafiyar inji. Abin da ba kasafai yake zuwa masa a zuciya ba shi ne, kafin jirgin ya ɗaga, akwai 'yan mintoci da tsaron lafiyarsa ya rataya a kan wasu gajerun jimloli da ake musaya ta rediyo tsakanin mutum biyu waɗanda ba sa ganin fuskar juna, kuma galibi da harshen da ba a cikinsa aka haifi ko ɗaya daga cikinsu ba. Haɗarin da ya fi kowane cin rayuka a tarihin sufurin jiragen sama a ƙasa ya auku, ba a sararin sama ba, kuma injinan jiragen biyu lafiyarsu ƙalau. Magana ce ta karkace.

Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta tsayar da ma'ana ɗaya ga irin wannan lamari tun daga watan Nuwamba na 2004. A taƙaice, duk lokacin da jirgi ko mota ko mutum ya kasance a kan titin tashi da sauka, ko a cikin yankin da aka killace masa, ba bisa ƙa'ida ba, to an samu abin da za a kira kutsen titi a wannan maƙala. Ba sai an yi karo ba. Kasancewar kawai ta isa. Dabbobi ba sa cikin wannan ma'ana, ko da yake shanun da jirgin Air France ya afka wa a Fatakwal a Yulin 2005 sun nuna cewa su ma matsala ce mai zaman kanta.

2.0 Farfajiyar Kano

Kano tsohuwa ce a harkar jirgin sama. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a birnin bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar, kuma filin jirgin ya fara aiki a 1936. Har yau sunan Kano sararin samaniyar Nijeriya yake amsawa a taswirar zirga-zirgar jirage ta duniya. Hukumar NAMA ce take kula da hasumiya da zirga-zirgar jirage, FAAN take tafiyar da filin, NCAA take ba da lasisi, yayin da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, take horar da matuƙa da jami'an hasumiya.

Manyan haɗurran da aka yi a Kano, wato na jirgin BOAC a 1956, da na alhazai a ranar 22 ga Janairu 1973 wanda mutum 176 suka rasu a cikinsa, da na EAS da ya faɗa Gwammaja a ranar 4 ga Mayu 2002, ba kutsen titi ne ya haddasa su ba. Amma filin yana da siffofi biyu da suka sa batun ya cancanci kulawa. Titunansa biyu ne, 06/24 da 05/23. Lambar titi tana fitowa ne daga alƙiblar da ya dosa a kamfas bayan an raba ta da goma, saboda haka titin da ya fuskanci kusan digiri 60 shi ne 06, idan kuma an shigo shi ta ɗaya bakin ya zama 24. Ke nan sunayen titunan Kano biyu da lamba ɗaya tak suka bambanta, ta kowane ɓangare. Siffa ta biyu ita ce hazo. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan rufe gari har mai hasumiya ya kasa hango ƙarshen titi. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to a irin wannan yanayi ganin ne yake gushewa a bar mutum da ji kaɗai.

Rediyon da ake amfani da shi ma yana da nasa naƙasu. Tasha ɗaya kowa yake saurare, kuma mutum ɗaya ne zai iya magana a lokaci guda. Idan biyu suka danna maɓalli tare, muryoyin sukan turmushe juna, na uku ya ji ƙara mai kama da fito, alhali kowane daga cikin masu maganar yana zaton saƙonsa ya isa. Wanda kuma ya fara magana kafin ya gama danna maɓallin, gaɓar farko ta kalamansa ba za ta fita ba.

3.0 Tenerife: Jimla Ɗaya, Ma'ana Biyu

A ranar 27 ga Maris 1977 wani bam ya tashi a filin jirgin Gran Canaria, aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen. Cikinsu akwai Boeing 747 guda biyu, na KLM ta Holan da na Pan Am ta Amurka. Saboda cunkoso, sai da jiragen biyu suka bi ta kan titin tashin kansa don isa bakinsa, na KLM a gaba, na Pan Am a baya da umarnin ya ratse ta mafita ta uku. Hazo ya sauko, filin kuma ba shi da na'urar da ke nuna motsin jirage a ƙasa.

Da jirgin KLM ya juyo ya fuskanci titi, hasumiya ta karanta masa hanyar da zai bi bayan ya ɗaga. Wannan izinin hanya ne, ba izinin tashi ba, amma kalmar "takeoff", wato tashi, ta fito a cikinsa. Mataimakin matuƙi, Klaas Meurs, ya maimaita umarnin, ya rufe da cewa "we are now at takeoff". Jami'in hasumiya ya fahimci cewa suna tsaye a wurin tashi suna jira, sai ya ce "OK", ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa su dakata zai kira su. A daidai wannan daƙiƙa matuƙan Pan Am suka danna nasu maɓallin suna cewa har yanzu suna kan titi. Saƙonnin biyu suka haɗe, kuma abin da ya isa kunnen matuƙan KLM sarai shi ne "OK". Mutum 583 suka rasu: duk 248 da ke cikin jirgin KLM, da 335 daga cikin 396 na Pan Am.

Steven Cushing, a littafinsa Fatal Words na 1994, ya danganta jimlar Meurs da tasirin harshen uwa. Harshen Holanci yana gina aikin da ake cikin yi da harafin wuri, "aan het", a gaban aikatau. Mai wannan harshe da ke cikin matsi zai iya ɗora kalmomin Ingilishi a kan ƙashin jimlarsa ta gida, ya nufi "muna cikin tashi", mai sauraro kuma ya ji "muna wurin tashi". Abin da zai ja hankalin manazarcin Hausa shi ne, Hausa ta fi Holanci nisa a wannan hanya, domin da lamiri ɗaya take bayyana wuri da kuma aiki mai ci:

(1) a. Muna kasuwa.
b. Muna ciniki.
c. Muna tasha.
d. Muna tashi.

A (1a) da (1c) wuri aka faɗa, a (1b) da (1d) aiki, kuma "muna" bai sauya ba. Ajin kalmar da ta biyo baya ne kaɗai ya raba su. Idan aka zo ga jimla irin "muna kan tashi" sai rabuwar ta ɓace gaba ɗaya, domin tana iya nufin an fara, tana kuma iya nufin ana dab da farawa. Saboda haka ba a buƙatar dogon hasashe kafin a ga cewa Bahaushen da ya koyi Ingilishi a makaranta yana da ƙofar da zai faɗa ramin da Meurs ya faɗa.

Ita kanta kalmar "tashi" ba ta da tabbas. Fasinjan da ya iso tashar mota a Rano ya ji an ce "motar Kano ta tashi" ba zai san ko ya yi murna ko ya yi baƙin ciki ba sai ya duba: ko dai injin da ya ƙi kamawa ne ya kama, ko kuwa motar ta cika ta bar tasha. A tasha ido yana warware wannan nan take. Akwai kuma wani bambanci da rubutun yau da kullum yake ɓoyewa:

(2) a. Jirgii yaa taashì.
b. Jirgii yà taashì.

Ta farko labari ce, an riga an tashi. Ta biyu umarni ce ko izini. Tsawon wasali da karin sauti kaɗai suka raba rahoto da izini, kuma a daidaitaccen rubutu duka biyun "jirgi ya tashi" ne. Duk wanda zai fassara littafin horon ma'aikatan filin jirgi zuwa Hausa, wannan ne tarko na farko da ke jiransa.

Gyaran da aka yi bayan Tenerife gyaran harshe ne. An keɓe kalmar "takeoff" ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, a duk wani zance kuwa "departure" ake cewa. "OK" ba ta cikin kalmomin da ƙa'ida ta amince da su. Wajibi ne kuma matuƙi ya maimaita duk umarnin da ya shafi titi, da lambar titin da sunan kiran jirginsa, jami'in hasumiya ya saurara ya gyara in da kuskure.

4.0 "To" da 'Yan'uwanta

Kalmar Hausa da ta fi kusa da "OK" ɗin Tenerife ita ce "to". Da ita ake amsa umarni, da ita ake nuna an ji ko ba a yarda ba, da ita ake buɗe zance kafin a san abin da za a ce, da ita ake rufe shi, kuma idan aka ja ta aka sauya mata kari sai ta zama mamaki ko gargaɗi. Yaron da mahaifinsa ya aike shi ya ce "to" ya ɗauki alkawari. Dattijon da aka kawo wa ƙara ya ce "to" bai yanke komai ba tukuna, numfashi yake ja. Jami'in hasumiyar Los Rodeos irin "to" ɗin dattijo ya yi, kyaftin ɗin KLM kuwa ya ji ta a matsayin sallama. Keɓaɓɓen harshen jiragen sama ya rarraba wannan kaya a kan kalmomi daban-daban: "roger" na nufin saƙo ya iso kawai, "wilco" na nufin an fahimta kuma za a aikata, "affirm" na nufin e. An ma guntule ta ƙarshen ne da gangan, domin cikakkiyar kalmar tana ƙarewa da sauti ɗaya da kishiyarta "negative", kuma idan rediyo ya cinye farkonsu ba a iya bambance su.

Wannan matsala ta yankewar gaɓar farko tana da nauyi na musamman a Hausa, saboda yadda ake kore umarni:

(3) a. Kada ka shiga titi.
b. Ka shiga titi.

Idan "kada" ko "kar" ta faɗi, abin da ya rage cikakkiyar jimla ce mai kyau, kuma kishiyar abin da aka nufa. Korewa mai ƙafa biyu, irin ta "ba mu fita ba", ta fi juriya, domin ko "ba" ta farko ta ɓace, ta ƙarshe za ta sa mai sauraro ya yi tsam. Wannan ya nuna hikimar da ke cikin ba da umarnin tsayawa da aikatau mai zaman kansa maimakon kore umarnin tafiya.

Al'adar Hausa ba baƙuwa ba ce ga keɓe kalma don aiki ɗaya. A kasuwa, ko ta Rano ce ko ta Kibiya ko Kurmi, mai saye yana iya tayawa sau goma, a yi raha, a yi rantsuwa, amma ciniki bai faɗa ba sai mai kaya ya ce ya sallama. Idan ya ce "albarka", kalmar da baƙo zai zaci addu'ar amincewa ce, to ƙi ya yi, kuma babu ɗan kasuwar da zai ruɗe. A wurin ɗaurin aure ma ba a wadatuwa da "to" ko gyaɗa kai. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, da lafazi bayyananne a gaban shaidu, a ambaci suna da sadaki, sannan a shelanta wa jama'a abin da aka ƙulla. Irin waɗannan kalamai ne J. L. Austin ya yi bayani a kansu a 1962, waɗanda furta su shi ne aikata su. Izinin tashi ɗaya ne daga cikinsu, kuma maimaitawar matuƙi ita ce karɓa. Malamin da yake horar da ɗalibi Bahaushe a Zariya zai fi saurin isar da darasin idan ya kama ta nan, maimakon ya gabatar da shi a matsayin wata bidi'ar Turawa da ake haddacewa don cin jarrabawa.

5.0 Tambayar da Ba a Nanata Ba

Sakan kaɗan kafin karon Tenerife, injiniyan jirgin KLM, Willem Schreuder, ya ji hasumiya tana cewa Pan Am ya ba da rahoto idan ya bar titi. Sai ya tambaya ko jirgin Pan Am ɗin bai fita ba tukuna. Kyaftin Jacob Veldhuyzen van Zanten, wanda shi ne jagoran horar da matuƙan 747 na kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Injiniyan bai sake magana ba.

Abu biyu ne a nan. Na farko sigar tambayar ce, domin korarriya ce. Harsuna sun saɓa wajen amsa irinta. Idan aka ce wa Bahaushe "bai fita ba?", ya ce "e", yana tabbatar da korewar ne, wato bai fita ba. Baturen Ingila da ya ji "yes" a wannan gurbi zai fahimci an fita. Wannan ɗabi'a ta bi Hausawa da sauran 'yan Nijeriya da dama cikin Ingilishinsu, kuma tana daga cikin abubuwan da gwajin ƙwarewar harshe zai iya tsallakewa ba tare da ya gano ba, tunda babu kuskuren nahawu a cikin amsar.

Na biyu shi ne matsayi. Bayan wani taro da hukumar NASA ta shirya a 1979, kamfanonin jirage suka fara horar da ma'aikatansu yadda ƙarami zai faɗa wa babba kuskurensa kai tsaye, kuma United Airlines ce ta fara cikakken shiri a 1981. Akan yi saurin cewa al'ummomi masu kunya da girmama na gaba, irin Hausawa, su ne suka fi rauni a nan. Akwai gaskiya a ciki, domin mai ladabi ba ya ce wa babba "ka yi kuskure", sai dai ya kewaya da "ranka ya daɗe, kamar dai" ko "anya kuwa", kuma jirgin da ke gudu a kan titi ba ya jiran kewaye. Sai dai hukuncin bai cika ba. Ita wannan al'ada ta tanadi guraben da ƙarami yake gyara babba ba tare da an ɗauke shi marar kunya ba. Mamu yana ankarar da liman da tasbihi idan ya yi rafkanwa, ko almajiri ne a bayan shaihinsa. Dogari yana cewa sarki "hattara" a bainar jama'a idan akwai abin tuntuɓe a gabansa. A duk biyun an yarda da lafazin tun kafin buƙata ta taso, shi ya sa furta shi ba ya zubar da girman kowa. Abin da injiniyan KLM ya rasa ke nan, domin ba shi da wani lafazi da kyaftin ya wajaba ya tsaya idan ya ji shi.

6.0 Suna, Harshe Biyu, da Maimaitawar da Ba Ta Isa Ba

Haɗarin da ya fi taɓa ƙasar Hausa cikin waɗanda ruɗanin rediyo ya bayyana a cikinsu shi ne na ranar 11 ga Yuli 1991 a Jidda. Jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda yake jigilar alhazai zuwa Sakkwato da sunan Nigeria Airways, ya kama da wuta sakamakon tayoyin da iskarsu ba ta cika ba, mutum 261 suka rasu. A cikin tashin hankalin, kyaftin ya kira jirgin da sunan kamfaninsa maimakon sunan kiran da aka yi masa rajista da shi, jami'in kula da zirga-zirga ya ɗauka da wani jirgin Saudiyya yake magana, aka yi kusan minti uku a haka. Bincike ya nuna cewa wannan bai sauya ƙarshen lamarin ba, wutar ce ta yi kisa. Amma ya nuna cewa a lokacin firgici harshe yakan koma ga abin da ya saba, ko da na ƙwararre ne.

A filin Charles de Gaulle na Paris, ranar 25 ga Mayu 2000, an ba jirgin Air Liberté izinin tashi da Faransanci. Matuƙan wani ƙaramin jirgin dakon kaya na Ingila, da ake yi wa magana da Ingilishi a tasha ɗaya, ba su tsinci komai daga wannan izini ba, suka hau titin daga wata mahaɗa, fiffiken babban jirgin ya yanki ɗakin tuƙinsu, mataimakin matuƙi ya mutu. Dokar ICAO ta halatta amfani da harshen tashar ƙasa ko Ingilishi, kuma wannan ya shafi maƙwabtan Kano na arewa, inda hukumar ASECNA take kula da sararin Nijar, Faransanci kuma yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da Ingilishi. A Linate ta Milan kuwa, ranar 8 ga Oktoba 2001, ƙaramin jirgi ya bi hanyar R6 maimakon R5 cikin hazo, matuƙinsa ya ambaci wata alama, S4, wadda jami'in hasumiya bai san da ita ba, jami'in bai tsaya ya bincika ba, aka yi karo da jirgin SAS, mutum 118 suka rasu.

A 2003 ICAO ta amince da ma'aunin ƙwarewar harshe mai matakai shida, ta sa mataki na 4 ya zama mafi ƙarancin abin da ake nema daga matuƙi da jami'in hasumiya, aka ɗora ranar fara aiki a kan 5 ga Maris 2008. Ana auna furuci da ginin jimla da yawan kalmomi da sakin baki da fahimta da iya musayar zance. Ta fuskar furuci, Bahaushe yana da wuraren da aka sani: sautin /f/ da /p/ ba sa bambanta ma'ana a Hausa, /v/ kuma takan koma /b/. Haruffan kira na duniya, waɗanda masanin harshe Jean-Paul Vinay na Jami'ar Montreal ya yi aikin farko a kansu kuma aka tabbatar da su a 1956, sun rage wannan illa, tunda kowane harafi cikakkiyar kalma ce mai siffar da ba ta kama da ta wani.

Darasin da ya fi wuyar haɗiya shi ne na filin Haneda a Tokyo, ranar 2 ga Janairu 2024. An umarci jirgin masu gadin teku, wanda zai kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa, ya je matsayar C5 da ke bakin titi, aka kuma shaida masa cewa shi ne na ɗaya a layi. An maimaita umarnin daidai, babu kalmar da ta faɗi. Duk da haka jirgin ya zarce ya hau titi, jirgin Japan Airlines da ke sauka ya afka masa. Biyar daga cikin mutum shida na ƙaramin jirgin suka mutu, duk 379 na babban suka tsira. Maimaitawa shaida ce cewa kunne ya ji, ba shaida ba ce cewa abin da ke zuciyar mai maimaitawa ya dace da abin da bakinsa ya faɗa. Duk malamin allo ya san ɗalibin da yake biya karatu tiryan-tiryan hankalinsa yana wani wuri.

7.0 Inda Hausa Take Aiki a Filin Jirgi

Babu mai hankalin da zai nemi a riƙa ba jirage izini da Hausa a Kano, kuma abin da ya faru a Paris ya isa hujja. Sai dai ma'anar kutsen titi ta haɗa da mota da mutum, kuma a nan ne harshen gari yake shigowa. Titin jirgi ba jirage kaɗai suke hawansa ba. Akwai motar kashe gobara, da motar duba titi, da masu gyaran fitilu, da masu yankan ciyawa, da masu korar tsuntsaye, da leburorin ɗan kwangila. Shugaban ayari yana karɓar umarni daga hasumiya da Ingilishi, amma a gari irin Kano abu ne na ɗabi'a ya juya ya isar da shi ga mutanensa da Hausa ko da Ingausa. Wannan fassara ta nan take ba ta da ƙa'idar da aka rubuta mata a littattafan ICAO, kuma ita ce gaɓar da manazarta Hausa suke da abin cewa a kanta fiye da kowa.

Aikin ya wuce ƙirƙirar kalmomin fannu, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da takwarorinta suka daɗe suna yi. Ana buƙatar zaɓen kalmomin da rediyo ba zai rikita ba. "Biyu" da "biyar" da gaɓa ɗaya suke farawa, haka "tara" da "takwas" sun yi tarayya a sautin farko, ga kuma ɗabi'ar jefar da "goma" a ce "sha biyu". Titunan Kano kuwa 05 da 06 ne, 23 da 24, lambobin da dole a furta su ɗaya bayan ɗaya: sifiri biyar, sifiri shida, biyu uku, biyu huɗu. Sai kuma umarnin tsayawa a bayan layin rawaya da ke bakin titi, wanda Hausa take da aikatau uku da za su nemi gurbinsa. "Jira" tana nuna lokaci amma ba ta hana matsawa gaba kaɗan. "Dakata" tana ɗauke da alkawarin cewa izini yana tafe, wanda shi ne irin zaton da ya ja jirgin Haneda kan titi. "Tsaya" ta fi su kaifi, amma idan direba ya riga ya tsallake layin da taku biyu, zai tsaya ne a inda bai kamata ba, saboda haka sai an haɗa ta da wuri da lamba, a ce "tsaya bayan layi, titi sifiri shida", shi kuma ya mayar da ita yadda aka faɗa masa kafin ya ɗaga ƙafa daga birki.